Ruwan da Sa'adatu Ba Ta Ji Zafinsa Ba

Gidan Alhaji Jibrin da ke Nassarawa GRA kowane banɗakinsa da tayal da famfon ruwan zafi, amma ranar da matarsa Sa'adatu ta dawo daga asibiti da jaririya sai aka kafa murhu a bayan kicin, aka ɗora rabin ganga, aka jibge itace har ya kusa toshe tagar sito. Mahaifiyarsa Hajiya Rabi ce ta sa a yi. Ta ce ruwan famfo ba ya irin tafasar da ƙashin mai jego yake so, kuma tana raye ba za a yi wa surukarta wankan 'yan otal ba.

Tsakiyar bazara ce, irin wadda ko a inuwar mangwaro ka zauna gumi kake yi. Zaɓe ma ya matso. Alhaji Jibrin yana neman kujerar majalisa, hotonsa yana manne a katangu daga Badawa har Tudun Murtala, yana murmushi, an rubuta a ƙasa cewa shi ne mai kishin Shari'a da lafiyar iyali. Falonsa ba ya rabo da jama'a, janareta kuma ba ya hutawa, domin baƙon siyasa idan ya yi gumi a gidanka gobe sai ka gan shi a gidan abokin hamayya.

Da mahaifiyar Sa'adatu tana da rai, da a ɗakinta za a yi wankan nan kamar yadda ake yi a haihuwar fari. To ta rasu. Cikin abin da ta bar wa 'yarta har da wani zanen goyo na saƙi, baƙi mai ratsin ja, wanda da shi aka goyi Sa'adatun kanta. Tun cikin yana ƙarami ta wanke shi ta ninke ta tura ƙarƙashin matashi. An daɗe ana jiran haihuwar nan, kuma burinta bai wuce ranar arba'in ta zo ta goya 'yarta da zanen nan, ta taka da ƙafarta ta shiga gidajen dangi tana gaisuwa ba. Sunan marigayiyar aka sa wa yarinyar, shi ya sa kowa yake ce mata Ummi.

Hajiya Rabi ba muguwa ba ce, gara in faɗi wannan tun da wuri. Tsoron bakin mutane ne ya yi mata yawa. Duk wadda ta zo barka sai ta ja ta bayan kicin ta nuna mata tulin itacen, ta ce ba za a taɓa cewa don yarinya ba ta da uwa aka bar sanyi ya shige ta a gidan nan ba.

Mai wankan, Inna Asabe, daga Gama take zuwa safe da yamma a A Daidaita Sahu, tun da aka hana matan garin hawa acaɓa, da damin ganyen darbejiya a cinyarta. Tsohuwa ce mai ƙarfin dantse, ta wanke rabin matan unguwarsu, kuma tana da ma'aunin da ba ta taɓa shakkarsa ba. Ba ta gwada ruwa da hannu, don hannunta ya daɗe da sabawa da wuta. Da bakin mai jego take gwadawa. Za ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa, in mai jego ta yi ƙara, ruwa ya yi, sai a ɗan sirka. In ta yi shiru kuwa, sanyi ya yi nisa a jikinta ke nan, sai a ƙara wuta.

Kwanakin farko Sa'adatu ta yi ƙarar yadda ake so, har masu aikin kicin suna tsokanarta wai 'yar boko ta haɗu da gamonta. Abin da ba wanda ya kula da shi shi ne yadda take fitowa. Idonta na hagu sai ya dushe kamar tana kallo ta cikin hayaƙi, ƙafafunta su yi nauyi, sai ta bi bango kafin ta kai ɗaki. In ta zauna ƙarƙashin fanka ta huce, abin yakan sake ta a hankali. Ta san wannan dushewar. Shekarun baya ta taɓa zuwar mata a idon nan, ta yi makonni sannan ta tafi.

Ta faɗa wa Hajiya cikin ladabi, kanta a ƙasa. Hajiya ta ce jiri ne na jinin da ta zubar, kowace mai jego tana yi, a ƙara mata kunun kanwa. Da ta sake faɗa, Hajiya ta shigo ɗakin da kanta ta duba, nan take kuwa ta gano mai laifin, wato fanka. Aka kashe fanka, aka zare wayar na'urar sanyaya ɗaki, aka rufe tagogi aka saki labule, aka shigo da kaskon garwashi aka ajiye a gefen gado. Daga ranar nan Sa'adatu ba ta ƙara samun inda za ta huce ba, kuma abin da dā yake sakinta bayan wanka sai ya samu wurin zama.

Ta kasa kwanciya, ta kasa zama. Ta bar gado ta sauko ƙasa ta manna kuncinta a tayal, tayal ɗin ya ɗumame ta matsa gaba, ta koma gado, ta sake saukowa. Ta cikin bango tana jin gurnanin janareta yana kai sanyi falon maza, tana jin shewarsu in an faɗi wata magana kan abokin hamayya. Wata rana ta lallaɓa banɗaki ta jiƙa ɗankwali da ruwan sanyi ta ɗora a wuya. Hajiya ta kama ta, ta yi salati kamar ta same ta da kwalbar fiya-fiya a baki, ta sa aka kulle banɗakin aka ba ta makullin.

Bayan suna da 'yan kwanaki Dokta Dinatu ta zo barka. Ƙawar Sa'adatu ce tun makarantar kwana, 'yar Wusasa ta Zariya, likitar jijiya a wani asibiti cikin gari, kuma ita ce ta duba idon wancan karon. Tana buɗe ƙofar ɗakin ta ja da baya saboda hucin da ya dake ta. Ba ta tsaya dogon barka ba. Ta sa Sa'adatu ta taka zuwa ƙofa, ta ga yadda take jan ƙafar dama. Ta zare fil daga ɗankwalinta ta riƙa tsikarinta daga gwiwa zuwa tafin ƙafa. A gwiwa Sa'adatu ta ce ta ji. A idon sawu ta ce kamar ta ji. A tafin ƙafa ta tambaya ko an fara.

Dinatu ta je ɗakin Hajiya ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ta yi magana.

"Mama, ba sanyi ba ne. Ciwo ne na jijiyoyin da suke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ido da ƙafa. Jijiyoyin suna da rufi kamar robar wayar lantarki, ciwon yana cinye rufin. Yakan taso wa mace bayan haihuwa, kuma zafi yana tsananta shi. Ga shi ba ta jin tafin ƙafarta, ruwa zai iya ƙona ta ba ta sani ba. Don girman Allah a dakatar da wankan nan, a fitar da garwashin."

Hajiya ta tambayi sunan ciwon. Dinatu ta ce a Turance ana ce masa multiple sclerosis. Hajiya ta ce a Hausa fa? Dinatu ta ce ba shi da suna tukuna.

"To ciwon da ko suna bai samu ba a Hausa, ta ina ya bi ya shigo gidana?" in ji Hajiya, tana dariya. "'Yar nan, ke nawa kika haifa?"

Dinatu ba ta haifi ko ɗaya ba, a wurin Hajiya kuwa nan magana ta ƙare. Ta sa aka zuba mata cincin da dubulan na suna a leda, ta ce ta gaida mutanen gida.

Dinatu ba ta tafi ba. Ta zauna a baranda har bayan la'asar, sai da falo ya ɗan rage sannan aka yi mata iso wurin Alhaji Jibrin. Sanyin falon har sai da ta gyara mayafinta. Alhaji mutum ne mai karatu da iya karɓar baƙi, ya sa aka kawo mata lemo, ya saurare ta yana gyaɗa kai. Ta ce masa Sa'adatu tana bukatar a kwantar da ita yanzu a yi mata ƙarin ruwa da maganin da yake kwantar da tashin ciwon, don in aka bar shi ya daɗe yakan tafi ya bar ɓarna. Ta ce sannan a kai ta Abuja a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da laka, da shi ne za a tabbatar.

Ya tambaya ko ana warkewa. Ta faɗa masa gaskiya, cewa ba a warkewa gaba ɗaya, amma bincike ya yi nisa a ƙasashen waje, an samu allurai masu rage yawan tasowarsa, kuma mutane suna shekaru da shi suna aikinsu suna renon 'ya'yansu. Sai dai kusan duk binciken a kan Turawa aka yi. Masu ba da tallafin bincike sun ce ciwon ba ya cikin mutanenmu sai jefi-jefi, don haka hankalinsu yana kan zazzaɓin cizon sauro da shan inna da ƙanjamau, kuma ita ba ta ga laifinsu ba, waɗannan suna kashe jama'a. Amma ta yaya za a san babu shi alhali ba a ɗaukar hoton kowa? Mace ta fara jan ƙafa a ce sammu ne, ido ya dushe a ce iska ce, har ta mutu ba a san me ya ci ta ba. Shi ya sa ita da wasu abokan aikinta suke tattara waɗanda aka tabbatar suna da shi, don su samu bakin neman tallafi da magani. Ta ce duk mutum ɗaya da aka tabbatar hujja ce.

Cikin duk wannan bayanin kalma biyu Alhaji ya tsinta, ƙwaƙwalwa da bincike.

"Dokta, kin san garin nan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yau a ce an kai iyalina hoton ƙwaƙwalwa, gobe da safe a rediyo a ce matar ɗan takara ta taɓu. Bincike kuma, kin san yadda mutanenmu suke jin kalmar nan. A ce na ba da matata Turawa su yi gwaji da ita? A bari a wuce zaɓe. Ni da kaina zan fita da ita Masar. In Allah ya ba mu kujerar ma, maganar tallafin binciken nan naku ni zan tashi da ita a zauren majalisa."

Ta ce to wankan fa? Ya ce wannan sha'anin mata ne, kuma shi bai isa ya ƙetare maganar mahaifiyarsa ba, biyayya ga uwa wajibi ce a addini. Ta ce ko ɗaki mai sanyi a mai da ita. Ya ce zai yi wa Hajiya magana. Ya raka ta har mota da fara'a, da ya juyo kuma ya tsaya wurin Ya'u maigadi ya ce masa in likitar nan ta dawo a ce mata mai jego tana barci.

Bai yi wa Hajiya magana ba. Ya dai leƙa ɗakin matarsa washegari kafin ya fita yawon kamfe, ya tsaya a bakin ƙofa cikin farar shadda, bai shiga ba.

"Alhaji, ka taimake ni," in ji Sa'adatu daga ƙasa inda take kwance. "Ko da rana kawai ka mai da ni ɗakinka. Ƙafafuna suna tafiya, ina ji suna tafiya."

Ya ce ta yi haƙuri, saura kaɗan ta yi arba'in, kuma Hajiya don ita take yi, ba kowace suruka take samun irin wannan gatan ba. Yana magana yana goge wuya da hankici. Bai iya ƙarasa abin da ya zo faɗa ba ma, zafin ɗakin ya kore shi.

Daga nan abin ya riƙa gangarawa. Kofin kunu ya suɓuce daga hannunta ya fashe. Ta tashi za ta yi alwala ƙafar ta lanƙwashe. Fitsari ya fara kufce mata kafin a kawo fo, masu aiki suna canza zanen gado suna taɓe baki, suna cewa son jiki ne na matan da suka yi boko. Wata safiya tana ba Ummi nono hannunta ya saki, yarinyar ta zame ta faɗa kan katifa. Ko kuka ba ta yi ba, amma Hajiya ta gani. Ta ɗauke ta ta miƙa wa Ma'u, ƙanwar Alhaji da ta zo taya zaman jego, ta ce daga yau a ɗakinta za ta zauna, a riƙa kawo ta shan nono kawai. Da Sa'adatu ta fashe da kuka, Hajiya ta ce ai abin kunya ne ma, 'yar fari ba a rawar jiki a kanta.

Wannan ya fi wankan yi mata ciwo. Tana jin kukan yarinyar daga can ƙarshen baranda, nononta ya cika ya jiƙa riga, ta yunƙura ta kasa. In an kawo ta, Ma'u ce take riƙe da ita a jikin uwar, tana kallon agogo, ana gamawa ta ɗauke. Sa'adatu takan tura hannu ƙarƙashin matashi ta taɓa zanen saƙin, duk da yatsunta sun fara daina bambance saƙi da atamfa.

Aka kira malami ya yi ruƙiyya, don wata ƙawar Hajiya ta ce wannan da gani aikin mutanen ɓoye ne. Malamin ya yi karatunsa yana gumi, da ya gama ya ce shi bai ga alamar aljani ba, a buɗe mata taga, kuma a kai ta asibiti, addu'a ba ta hana magani. Hajiya ta yi godiya ta sallame shi, ta ce malaman yanzu yara ne. Dinatu ta yi ta bugo waya, wayar kuwa tana hannun Ma'u tun da yatsun mai ita suka kasa danna ta. Dinatu ta zo ƙofar gida ba sau ɗaya ba, Ya'u yana sunkuyar da kai yana ce mata mai jego tana barci.

Sa'adatu ta ce ba za ta ƙara wankan ba. Ta faɗa da ƙarfi, abin da ba ta taɓa yi a gaban Hajiya ba. Aka ce ka ji, ciwon ya fara taɓa mata kai. Tunda ba ta iya takawa, ƙin nata bai wahalar da kowa ba. Mata biyu suka riƙa cicciɓarta safe da yamma zuwa bayan kicin su ɗora ta kan kujera 'yar tsugunno.

Ana jibi zaɓe gidan ya cika har waje, motoci sun toshe layi, ana ta rabon atamfa mai hoton Alhaji. Da yamma aka fito da ita wanka. Inna Asabe ta tsoma ganye ta fyaɗa mata a baya, ta yi 'yar ƙara. Ta sake tsomawa ta fyaɗa a cinya, shiru. Ta fyaɗa a ƙwauri, shiru. Sa'adatu tana kallon ganyen yana sauka, tana ganin tururi yana tashi, kamar ƙafafun wata ake wankewa a gabanta.

"Inna, ki bari," ta ce. "Ba na jin komai. Likita ta ce zan ƙone ban sani ba."

Inna Asabe ta dubi Hajiya, Hajiya ta dube ta. Duk su biyun sun ji abin da ta ce sarai, kuma duk su biyun sun san maganin mai jegon da ba ta jin ruwa. Inna Asabe ta ce tunda take wanka ba ta taɓa ganin sanyin da ya ci jiki irin wannan ba, fyaɗa ganye ba zai kai ƙashi ba, sai dai a zaunar da ita a ciki. Hajiya ta ce kada a sirka. Aka juye ruwan ganga a babban baho, aka ɗaga ta aka zaunar, ƙafafun a miƙe. Ta roƙe su, ta kira sunan Allah, ta kira mahaifiyarta, amma ba ta yi irin ƙarar da suke jira ba, don haka suka ci gaba da jira.

Inna Asabe ce ta fara gani, lokacin da aka ɗago ta ta sa tawul za ta goge mata ƙwauri, fatar ta biyo tawul ɗin. Tsohuwar ta saki tawul ta zauna daɓas a ƙasa. Ranar nan ita ce ta yi ƙarar.

Ba a bi da ita ta babbar ƙofa ba, saboda jama'a. Ta ƙofar baya aka fitar da ita a motar cefane, an lulluɓe ta da zanen gado. Alhaji yana tsakiyar jawabi aka raɗa masa a kunne, ya ce inna lillahi, ya ce a kai ta asibitin kuɗi mafi kyau, sannan ya ƙarasa jawabinsa. Asibitin kuɗin suka duba suka ce ya fi ƙarfinsu, a ƙarshe dai inda Dinatu take aiki aka kai ta. Kafin gari ya waye dangi duk sun ji labari, wai tukunyar ruwan zafi ce ta kife mata, tsautsayi ne.

Dinatu ta yi abin da ta nemi a bar ta ta yi tun farko. Aka sa maganin, aka kwantar da ita a ɗaki mai sanyi, cikin 'yan kwanaki idon ya fara washewa, hannayen suka ɗan dawo. Ƙafafun dai ba su ce komai ba. Ƙunar ta yi zurfi daga bayan cinya har dunduniya, dole sai rub da ciki take kwanciya. Da Sa'adatu ta tambaye ta ko za ta sake takawa, Dinatu ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mata ƙarya ba.

Alhaji Jibrin ya ci zaɓe. Na ji shi da kunnena a rediyo yana godiya ga Allah da talakawa, yana cewa lafiyar mata da ƙananan yara ita ce gaba da komai a wurinsa. Ya yi alkawarin gina wa wani asibiti sabuwar ƙofa mai ɗauke da sunan mahaifiyarsa. Maganar Masar an ce sai an rantsar da su, maganar hoton Abuja an ce ai yanzu ƙunar ce abin dubawa. Ba hoto, ba tabbaci, don haka Dinatu ba ta da ikon sa ƙawarta cikin waɗanda take tattarawa. A asibiti mai ƙuna ce, a gida mai tsautsayi ce, can wurin masu tallafin bincike kuwa har yanzu ciwon bai iso ƙasarmu ba. Abin da yake ci mini rai shi ne ba wanda ya rasa abin faɗa. Hajiya gata ta yi, Alhaji biyayya ya yi, Inna Asabe aikinta ta yi, Ya'u umarni ya bi. A gidan da ake sanyaya falo don 'yan jagaliya su ji daɗin cin shinkafa aka dafa matar gida, kuma kowa yana da hujjar da zai kwana da ita.

Ranar arba'in da hantsi Hajiya ta zo asibitin da Ma'u, sun ci ado, Ummi tana bayan Ma'u cikin sabon tawul na kanti. Hajiya ta ce ba za a fasa yawon arba'in ba don uwa tana kwance, dangi suna jira, sun dai biyo ne ta ga 'yarta. Ta ajiye fulas ɗin kunun kanwa, ta dubi na'urar da take hura sanyi a ɗakin ta girgiza kai. Ta kai hannu ta taɓa yatsun ƙafar da suka leƙo daga bandeji.

"Kin ji ko? Sanyi ƙalau," ta ce wa Ma'u. "Da an bar mu mun ƙarasa wankan nan."

Sa'adatu ta juyar da fuskarta. Ta ce wa Dinatu, wadda take tsaye a gefen gado, ta ɗaga matashi. Zanen saƙin yana nan, tun ranar da ta farfaɗo ta roƙi a ɗauko mata shi daga gida. Ta ce a ɗora mata yarinyar a baya. Ma'u ta dubi Hajiya, amma Dinatu ba ta jira izinin kowa ba. Ta kwanto Ummi ta kwantar da ita a bayan uwarta, ta shimfiɗa zanen a kansu, ta zura hannu ta ƙarƙashin ƙirjin Sa'adatu ta ɗaure yadda ake ɗaurewa. Yarinyar ta ɗan mutsutsuka, ta kifa kuncinta tsakanin kafaɗun, ta yi lamo.

"Ina jin ta," in ji Sa'adatu, fuskarta a cikin matashi. "Dinatu, nan ina ji. Ɗuminta ma ina ji."

Ta fara jijjiga kafaɗunta a hankali, iyakar abin da ya rage mata na rarrashi, tana kiran sunan yarinyar ƙasa-ƙasa. Can direba ya leƙo ya ce rana tana yi, kuma gidajen da za a zaga da yawa. Hajiya ta matso ta kwance ɗaurin ta ɗauke jikarta. Ta riƙe zanen ta jujjuya shi, ta ce saƙin dā ne mai kyau, irinsa ya dace a shiga dangi da shi. Ta miƙa wa Ma'u ta ce ta goya ta da wannan.